Yarana sun ba ni kunya a gidan abinci, maigida ya ce ba zai sake fita da mu ba

Assalamu alaikum Hajiya. Ni matar aure ce a Mabera, ɗiyana uku: babban namiji ne shekara 7, mai bi masa shi ma namiji shekara 4, sai auta mace shekara 2. Washegarin Sallah mun wuni gaishe-gaishen dangi, bayan Isha'i maigida ya ce mu biya wani gidan abinci. Wuri ya cika, abinci ya yi jinkiri. Na tsakiyan ya sauka yana zagaya tebura da gudu har ya ci karo da yaron da ke ɗauke da farfesu, kwano ya kife, Allah ya tsare bai ƙone ba. Babban yana ta ƙwala wa ma'aikaci kira, "Kai! Kawo min lemo!" Auta kuwa kuka take tsalawa. Wata mata a teburin kusa ta ce, yadda zan ji, "Wasu dai haihuwar kawai suka iya." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na mintsini na tsakiyan, ya ƙara ɓarkewa. Maigida yana kan waya, da farko ya ce in ƙyale su, yara ne, kuma kuɗinmu muka biya. Da muka shiga mota ya ce ni na ɓata su, ba zai sake fita da mu ba. Surukata ta ce bulala suka rasa. Hajiya, laifina ne? In haƙura da fita da su har su girma?

Uwar yara uku, Sakkwato

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, ki yi wa Allah godiya a kan farfesun nan. Layi ɗaya kika ba shi a wasiƙarki, amma a wurina shi ne babban abin da ya faru a daren, ya fi maganar matar teburin kusa nauyi nesa ba kusa ba. Yaro ɗan shekara 4 da ƙyar tsawonsa yake wuce ƙugun babba. Wanda ya ɗauko tire ba ya ganin abin da ke ƙasansa, idonsa yana kan teburin da zai kai wa. In suka yi karo, abin da ke cikin kwano a fuska da wuya da ƙirjin yaron yake sauka. Fatar ƙaramin yaro ba ta kai ta babba kauri ba, zafin da zai sa hannunki ya yi ja kawai shi yana iya saɓule masa fata, ga romo da maiƙo mai manne wa jiki. Tunda magana ta kawo nan, ki riƙe wannan: in yaro ya ƙone da ruwan zafi, a cire rigar da ta jiƙe in ba ta manne ba, a yi ta kwarara ruwa mai ɗan sanyi a wurin kamar minti 20, sannan a nufi asibiti. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai da manja da sauran abin da ake shafawa a gidajenmu.

Na fara da wannan ne don ki ga cewa hana yaro gudu a gidan abinci ba don a ce kin iya tarbiyya ba ne. Don lafiyarsa ne, da lafiyar wanda ke ɗauke da abincin.

Kin tambaye ni ko laifinki ne. Kin haɗa yara uku kin ɗaure su da igiya ɗaya, alhali abin da kowannensu ya yi daban ne, kuma ba duka ne laifi ba.

Auta ba ta yi komai ba. Yarinya 'yar shekara 2 da ta wuni ana yawo da ita daga gidan kaka zuwa gidan goggo, da sabon kitso mai ɗaure kai, da rigar leshi mai ƙaiƙayi, da takalmin da bai saba da ƙafarta ba, kowa ya ɗauke ta ya juya, sannan wajen ƙarfe tara na dare a zaunar da ita cikin hayaniya da hasken fitilu a ce ta yi shiru, me ya rage mata in ba kuka ba? Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorar da ta fitar a 2019, ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a kwana guda, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13, har da na rana. Ki lissafa nawa ta samu a ranar. Ba ta da bakin da za ta ce "Mama na gaji", kukan shi ne maganarta.

Na tsakiyan ma rabin abin da ya yi na shekarunsa ne. Jagorar nan ta ce yaro a wannan shekarun yana buƙatar motsa jiki aƙalla minti 180 a rana, kuma bai kamata a tsare shi wuri guda fiye da awa ɗaya a jere ba. Sashen ƙwaƙwalwar da ke sa mutum ya danne abin da ransa ke so, ya jira, ya yi tunanin abin da zai biyo baya, yana cikin masu jinkirin nuna, ba ya kammala sai mutum ya haura shekara 20. To ga yunwa, ga jira, ga fili mai tayil mai santsi tsakanin tebura. Ɗaya rabin kuwa naku ne ku iyaye, ke da mahaifinsa: tun saukarsa ta farko daga kujera ya kamata wani ya tashi ya kamo hannunsa. Kira daga zaune, "zo nan, zo nan", sau goma, koya wa yaro yake yi cewa maganar ba ta da nauyi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne babban. Bai yi gudu ba, bai zubar da komai ba, wataƙila ma a mota ba wanda ya yi masa faɗa. Amma ɗan shekara 7 da zai dubi wanda ya girme shi da shekara goma sha ya ce "Kai! Kawo min lemo!" ba gajiya ce ta sa shi ba, kuma ba a gidan abincin ya koya ba. Wani wuri ya ji ana yi. Ki saurari yadda yake magana da yarinyar da ke taya ki aiki, da almajirin da ke yi muku wanke-wanke, da mai kawo muku ruwa a kura. Sannan, ki yi haƙuri da ni, ki saurari yadda ku manya kuke magana da su. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, hidima shekara goma, ya ce ko sau ɗaya bai taɓa ce masa "uf" ba. Garin da ake karanta wannan hadisi a kowace Islamiyya bai dace 'ya'yansa su tashi suna ganin duk wanda ya kawo musu abinci ƙasa yake da su ba. Ki koya masa ya ce "Yaya, don Allah a ƙaro mana ruwa", ya ce "sannu da aiki", ya ce "mun gode". In ya manta, ki sa ya maimaita a take, da murya ƙasa-ƙasa, ba tare da kin tozarta shi ba. Wannan gyaran ya fi na ƙaninsa gaggawa, don gudun ɗan shekara 4 lokaci zai rage shi, raina mutane kuwa girma yake da mutum.

Akwai abin da ya sauya a gidajenmu wanda ba mu cika lura da shi ba. Da yawanmu a akushi ɗaya muka ci tuwo da yayye da ƙanne. A shimfiɗa tabarma, a wanke hannu, a yi bisimilla. Ƙarami ya dafe kwano da hannun hagu kada ya juya. Ba ka kai hannu gaban wani, ba ka taɓa nama sai babba ya raba, ba ka surutu da loma a baki. Ba wanda ya kira wannan darasi, amma sau biyu ko uku a rana yaro yana koyon jira, da lura da na kusa da shi, da zama wuri ɗaya har a gama. Yau a gidaje da yawa kowane yaro da farantinsa, wannan a gaban talabijin, wancan ana bin sa da cokali daga falo zuwa tsakar gida yana wasa ana ɗura masa. Ban ce dole a koma akushi ɗaya ba, kowa da halin gidansa. Amma yaron da bai taɓa zama minti goma a kan abinci a gidansu ba, ta yaya zai zauna awa guda a gaban baƙi? An kai shi jarrabawar abin da ba a koya masa ba.

Saboda haka gyaran daga gida zai fara. Ki zaɓi cin abinci ɗaya a rana, na dare ya fi sauƙi, ku zauna tare, talabijin a kashe, waya a ajiye, har ta manya. Da farko minti goma ya isa. Wanda ya gama ya ce ya ƙoshi, ya jira a ba shi izini. Wanda ya tashi yana wasa, a ɗauke kwanonsa ba faɗa ba zagi. Kwana kaɗan zai gane cewa tashi yana nufin an gama.

Yadda ake gyaran kuwa, muna da misalin da ya ishe mu. Umar ɗan Abu Salama, ɗan Ummu Salama matar Annabi, ya ce yana yaro a ƙarƙashin kulawar Manzon Allah, hannunsa yana yawo a cikin akushi, sai ya ce masa: "Ya kai yaro, ka ambaci sunan Allah, ka ci da damanka, ka ci abin da ke gabanka." Bukhari da Muslim duk sun kawo shi, kuma da shi Imamu Nawawi ya buɗe babin ladubban cin abinci a Riyadus Salihin, ina kyautata zaton babban naki zai haɗu da shi a Islamiyya in bai riga ya haɗu ba. Ki duba abin da ke ciki. Bai ƙyale shi ba don yaro ne. Bai jira sai an tashi ba, a kan abincin ya gyara masa. Bai buge hannun ba, bai kira shi mayunwaci ba. Ya faɗa masa abin da zai yi, cikin gajerun kalmomi uku da yaro zai iya riƙewa. Umar ya ce tun daga ranar haka cin abincinsa ya zama. Mu kuwa yawanci "bari!", "daina!", "ka kiyaye ni!" muke yi, ba mu faɗa wa yaro abin da muke so ya yi a madadin wanda muka hana.

Wannan ya kawo mu kan mintsinin. Na san daga ina ya fito. Ba lokacin da yaron ya fara gudu kika mintsine shi ba, sai bayan matar nan ta yi magana. Zafin maganarta ne ya bi ta yatsunki ya sauka a cinyarsa. Uwaye da yawa sun san wannan, ba ke kaɗai ba ce. Amma kin ga sakamakon da idonki: kuka ya ƙaru, idanu sun ƙaru a kanku. Yaron da ya firgita da karo, ga kwano ya kife, ga mutane sun zuba masa ido, ba ya cikin halin ɗaukar darasi. Abin da zai tuna shi ne zafi, ba dalili ba. Duka a bainar jama'a yakan sa yaro ya yi shiru na ɗan lokaci don tsoro, amma ba ya koya masa zama, kuma yaro mai wayo yakan gane cewa idon mutane ne yake sa a hukunta shi, sai ya riƙa kiyaye idon maimakon kiyaye halin.

Surukarki kada ki yi musu da ita. Ki ce, "To Inna, in sha Allahu za a gyara." Sannan ki nemi taimakonta ta inda ta fi ki ƙwarewa: in kun je gaishe ta, ki roƙe ta yaran su ci abinci tare da ita, ta nuna musu yadda ake yi. Tsofaffinmu da suke ambaton bulala, in kika lura, abin da ya gina 'ya'yansu shi ne magana ɗaya da suke yi ba sa sauyawa, da idon da ba ya barin yaro. Shi za ki ɗauka a wurinta.

Maganar maigida ta "kuɗinmu muka biya" ban yarda da ita ba, kuma zan faɗa da girmamawa. Kuɗin abinci kuka biya. Na teburin kusa su ma sun biya nasu, wataƙila wani ya daɗe yana tara kuɗin da zai fitar da iyalinsa ranar Sallah. Yaron da farfesu ya zube a hannunsa kuma, a wurare da yawa irin wannan asara daga ɗan albashinsa ake cirewa, ko a yi masa faɗa a gaban abokan aiki a kan abin da ba shi ya jawo ba. Kun tambaya? In ba ku yi ba, har yanzu lokaci bai ƙure ba. Maigida ya biya ta wurin, ya riƙe hannun na tsakiyan, a nemi ma'aikacin a ba shi haƙuri, in an cire masa wani abu a mayar masa. Ɗan naku ya buɗe baki ya ce "Yaya ka yi haƙuri." Haƙƙi ne za ku sauke, kuma zai zauna a ran yaron fiye da duk faɗan da za a yi masa. Hausawa sun ce ka ƙi naka duniya ta so shi, ka so naka duniya ta ƙi shi. Ƙin da ake nufi shi ne irin wannan, ka iya tsayar da ɗanka a gaban wanda ya ɓata wa ya ba da haƙuri, ko da zuciyarka tana tausayinsa.

Amma "ke kika ɓata su" ma ba adalci ba ne. Hannunki biyu, yara uku, ɗaya tana kan cinyarki tana kuka. Uban da ya fitar da iyalinsa ya kyauta, Allah ya ƙara buɗi, sai dai fitar ba ta ƙare a biyan kuɗi ba. Ki samu lokacin da ya huta, ba a gaban yara ba, kuma kada ki buɗe da maganar wayarsa, don daga nan sai kare kai. Ki ce, "Abban yara, na yi tunani a kan abin da ya faru, ina so mu sake gwadawa, amma ina neman ka riƙe min mazan ni in ji da auta." Maza da yawa in aka ba su aiki bayyananne suna yi, abin da ba sa so shi ne a ɗora musu laifi a dunƙule. Kuma ku daidaita bakinku tun a gida. In uwa ta ce zauna, uba ya ce ƙyale shi, yaro ya san wanda zai bi.

Kada ki daina fita da su. Yaron da aka ɓoye a gida har ya girma, ranar da ya fita zai yi abin da ɗan shekara 4 ya yi, a lokacin da ba wanda zai yi masa uzuri. Ki sauya yadda ake fitar ne. Ranar Sallah da washegarinta su ne mafi munin ranakun gwaji, ko'ina a cike, masu girki sun gaji, jira ya yi tsawo. Ki zaɓi ranar da ba cunkoso, bayan La'asar, lokacin da auta ta tashi daga barcin rana kuma rana ta yi sanyi, musamman a watannin Maris zuwa Mayu da zafin garin nan yake haura digiri 40, babba ma ransa a kusa yake balle yaro. Kada su fita da yunwa, ko ayaba ce ko 'yar fura a ba su kafin a tashi. A mota ki faɗa musu abu biyu ko uku kawai: za mu zauna a kujera, za mu yi magana a hankali, wanda yake son tashi ya gaya wa Abba. Ki sa su maimaita. In kun shiga ku nemi teburin gefe, nesa da ƙofar da ake fitowa da abinci, na tsakiyan ya zauna ta jikin bango babansa ya tare bakin hanya. Ku nemi abin da yake a shirye, kamar dafa-duka ko masa, maimakon wanda sai an gasa ko an soya. Lemon kwalba baƙi yana da sinadarin kafeyin mai hana barci, ruwa ko zoɓo ya fi musu. Fitar farko kada ta wuce rabin awa, ku tashi tun ana shiri, ki yaba musu a mota da abin da suka yi daidai, ki ambace shi da sunansa: "Na ga yadda ka ce wa Yaya mun gode."

Ki sa ɗan littafi da fensir a jakarki. Waya tana sa yaro shiru, gaskiya ne, kuma ba zan ce wadda ta miƙa ta a lokacin matsi ta yi zunubi ba. Amma jagorar da na ambata ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada kallon allo ya wuce masa awa ɗaya a rana, wanda bai kai 2 ba ma gara a bari. Kuma in kuka ne yake kawo waya, kin koya masa hanyar samunta.

In duk da haka wani ya ɓarke, ɗayanku ya ɗauke shi ya fita da shi waje, ba ja ba zagi, ya tsaya da shi har ya lafa, sannan a tambaye shi ko ya shirya komawa. In ya sake, a ce a zuba abincin a roba, a tafi gida. Kada ki ce "za mu tafi" in ba tafiyar za ku yi ba. Sau ɗaya in kuka tashi da gaske, askirim bai iso ba, za su riƙe. Kada ki ga asara ce. Manzon Allah ya ce yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, don sanin halin da uwar take shiga. In salla a bayan Annabi ana taƙaita ta saboda kukan yaro, zaman cin shinkafa bai fi ƙarfin a katse shi ba.

Wannan hadisin kuma shi ne amsata ga matar teburin kusa, da duk mai irin bakinta da ke karanta wannan shafi. Tana da haƙƙin ta ci abincinta cikin natsuwa, ban musa ba. Amma habaici ga uwar da ke fama da yara uku bai gyara komai ba. Muna cewa ɗa na kowa ne. Da ta tare yaron ta ce "zo nan ɗana, kada ka faɗi", da ta yi aikin da karin maganar ke nufi. Ke kuma kada ki kwana da maganarta. Awa ɗaya ta gani daga rayuwarku, kuma mafi muninta.

Abu ɗaya zan ƙara game da na tsakiyan. In kin ga rashin zaman nasa ba a gidan abinci kaɗai ba ne, a gida haka, a makaranta malamai suna ƙorafi, ba ya jin tsoron mota ko wuta, ko kina kiran sunansa ba ya juyowa, ko maganarsa ta yi baya da ta tsaransa, ko hayaniya tana firgita shi har ya toshe kunne, to ki kai shi sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko wurin wani likitan yara, a duba jinsa da yadda yake girma. Akwai yaran da ake yi wa kallon masu taurin kai alhali kunne ne ba ya ji sosai, ko wata lalura ce da ake iya taimaka mata in an gano da wuri. In kuwa a sauran wurare yana zama kamar tsaransa, to ki fara da zaman cin abincin dare a gida tun yau, bayan mako biyu ko uku ku gwada fita. Allah ya raya miki su, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.